Ƙusoshi Bakwai na Maharazu Mai Rakoda

Shekara goma sha ɗaya ke nan, kowace safiya kafin motocin Ƙonni su fara lodi, Malam Maharazu ke buɗe wani ɗan ɗaki a bayan layin masu kaset na kasuwar Illela. Da ya shiga sai ya durƙusa, ya shafa ƙasa da tafin hannu har ya taɓo kawunan ƙusoshin da ya kafa a daɓe. A kan ta farko ya girke babbar ganga. A ta biyu kujerar mai kalangu. A ta uku tabarmar mai ƙwarya. Sauran huɗun na sandunan makirufo ne.

Daga nan ya juya ga akwatinsa na katako, wanda ya haɗa da hannunsa daga kayan cikin matattun rediyo. Maɓallai huɗu ne a jikinsa, kowanne da ɗigon jan fenti, da wani ɗigon a jikin katakon. Ya murɗa har ɗigo ya dubi ɗigo. Ya zuba ruwa a wata tsohuwar tasa, ya ajiye a kusurwa. Minti goma bai cika ba ɗaki ya shirya, ko da ba a san wanda zai zo waƙa ba.

Wannan shirin shi yake kira shimfiɗa.

Wanda bai san aikin ba zai ce mene ne abin yabo a kafa ƙusa. To, ya tambayi makaɗa. Kafin Maharazu, duk wanda ya kai ganga gaban rakoda sai ya yi da-na-sani. Babbar ganga ta cinye komai, a ji kaset yana gurnani kamar tifa a kan gada. In an matsar da ita nesa, kiɗa ya fito ba nauyi, kamar ana buga gwangwani. A wuni ana matsa nan, matsa can, batir ya ƙare, muryar mawaƙi ta dushe. Gobe wani ya zo, a sake daga farko.

Maharazu ya ce wannan wauta ce. Ya yi damina guda yana gwaji. Ya rataye buhunan gero marasa komai a bango har amsa-kuwwa ta mutu. Ya yi ta jan babbar ganga taƙi-taƙi har ya sami wurin da amonta ke sauka a ƙirji ba tare da ya danne kalangu ba. Da ya samu, ya buga ƙusa. Bai sake nema ba.

Halliru, wanda ke buga masa babbar gangar tun ranar farko, ya ce: “Ni dai in zaka, in zauna inda anka aza ni, in buga. Ban taɓa tambaya tai mi ya sa ba. Abin da ni sani, in anka sa kaset, gangata ni ka ji, ba ta wani ba.”

Amfanin abin ga talaka ya fi yawa. Manomi daga Lafani ko Amarawa ya shigo ranar kasuwa da waƙarsa a baki, ba shi da kwanan da zai ɓata. Ya sayar da albasarsa, ya shiga ɗakin, ya tsaya inda aka nuna masa. Maharazu ya ƙwanƙwasa katako sau huɗu, kiɗa ya tashi. Kafin la’asar mutum yana kan hanyar gida da muryarsa a aljihu.

Da aka rufe iyaka a tamanin da huɗu, makaɗa suka zamo a wannan gefe, mawaƙa da yawa a wancan. Ƙonni da ake zuwa kafin tuwo ya huce ta zama wata duniya. Kowa ya ce sana’a ta mutu. Maharazu ya tara Halliru da mai kalangu da Tasalla mai ƙwarya, ya ɗauki kiɗa zalla, ba murya. Ya bar fili inda baiti zai shiga, ya bar fili inda ’yan amshi za su karɓa. Kaset ba ya neman fasfo. Ya bi aljihun masu zuwa gaisuwa ta cikin gonaki. A can mawaƙi ya kunna shi a rakoda ɗaya, ya rera a kai, rakoda ta biyu tana ɗauka. Shimfiɗa guda ta ɗauki waƙar biki, ta ɗauki ta noma, ta ɗauki ta ’yan kokawa. Duk wanda ke da kaset na shekarun nan ya saurari farkonsa. In ya ji ƙwanƙwasa huɗu, hannun Maharazu ne.

Yanzu mai kaset ɗin ya juya kwalinsa ya nemi sunan Maharazu.

Ba zai gani ba. Zai ga hoton mawaƙi da babbar riga. Zai ga sunan shagon da ya buga, da manyan baƙaƙe. A ƙasashen da ake mutunta wannan aiki, mutumin da ya tsara ɗaki yana da sunansa a bayan kowane faifai. A Illela sunansa “mai rakodan nan na baya”.

Wannan ma da sauƙi. Mutum yana rayuwa ba suna. Abin da aka yi masa bara shi ne ba ya haɗiyuwa.

Shekarun sauraro sun ci kunnensa. Na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama sai an ɗaga murya. Kaifin ƙwarya da zaƙin kalangu sun daina isa gare shi. Amma kaset ɗinsa bai canja ba ko kaɗan, domin aikin kunnen an riga an yi shi tun yana da kunne, yana nan a kafe cikin ƙusa bakwai da ɗigo takwas. Ƙusoshin nan su ne jinsa. Makaɗa sun sani, suka rufa masa asiri. ’Yan kasuwa ba su sani ba, don ba su taɓa tambaya ba.

Ya tafi Sakkwato ganin likitan kunne, kwana huɗu. A cikin kwanakin labari ya zo cewa wani baƙo daga birni zai zo da kyamara ya ga inda ake yin kaset-kaset ɗin Illela. Alhaji Dabo, shugaban masu kaset kuma mai ɗakin da Maharazu ke haya, ya leƙa ya ga buhuna a bango, ƙusoshi a ƙasa, tasa a lungu. Kunya ta kama shi. Ya sa aka cire ƙusoshin, aka daɓe ƙasa da siminti. Aka kwashe buhunan, aka shafe bango da shuɗin fenti. Wani mai himma ya goge akwatin da kananzir har ya yi ƙyalli, jajayen ɗigo suka tafi. Aka jefa tasar a juji. Baƙo ya zo, ya ɗauki hoton Alhaji ya dafa akwatin yana murmushi, ya koma.

Ba mugunta ba ce, kuma shi ya sa ta fi ciwo. Mugu ya san abin da yake ɓatawa.

Ranar da Maharazu ya dawo, Alhaji da kansa ya tare shi da makulli.

“Malam, sannu da hanya! Zo ka ga ɗakinka. Mun gyara ma shi, kama da na birni.”

Maharazu ya tsaya a bakin ƙofa. Ya cire takalmi, ya shiga, ya durƙusa kamar kullum. Hannunsa ya yi ta yawo a kan siminti mai santsi.

“Alhaji, ina ƙusoshina?”

“Waɗanga masu yage ma mutane riga? Mun hidda su.”

“Mi kac ce?”

“Na ce mun hidda su!”

Maharazu ya tashi ya dubi akwatin. Ya taɓa maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Bai yi faɗa ba. Ya ce an gode, ya zauna a dokin ƙofa.

Ya gwada duk da haka. Ya girke ganga inda ya zaci wurinta ne, ya murɗa maɓallai da ka. Kaset ya fito yana gurnani, shi kuma bai ji gurnanin ba, sai da ya gani a fuskar Halliru. Na biyu haka. A na uku, mawaƙin ya ce a gaban jama’a, “Mai rakoda ya tsufa.” Masu kaset suka fara maganar kai aiki birni. Alhaji ya fara cewa ɗakin zai yi kyau da shagon yadi. Mutumin da ya riƙe sana’arsu a lokacin rufe iyaka, aka soma lissafin ranar da zai kwashe kayansa.

Tasalla ce ta ƙi. Dattijuwa ce ’yar ƙauyen Darna, shekara tara tana zaune kan ƙusa ta uku. Ta sami Alhaji a shagonsa, ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta ce:

“Alhaji, shekara goma kana saida kiɗinmu, ba ka taɓa duƙawa ka ga inda shi ka hitowa ba? Kun je gyaran gira kun tsone ido, kuma kuna cewa mai ido ya tsuhwa.”

“To ni na san ƙusa na da aiki, Inna?”

“Ba ka sani ba. Baki gare ka, da ka tambaya.”

Washegari ta zo da tasar. Ta tono ta a juji, ta wanke, gefenta ya lotsa. Halliru ya zo da buhuna a kan jaki. Suka rataye su a kan sabon fentin. Suka shimfiɗa zana biyu a kan simintin. Tasalla ta zauna, ta kai bakinta kusa da kunnensa na dama.

“Malam, ƙwarya da kalangu ka bar mini, ni ka ji ma su. In na ɗaga hannu, ka tsaida maɓalli. Amma babbar ganga, wagga sai kai.”

A nan ne aka gane amfanin tasar da aka daɗe ana yi wa dariya, wasu har suna cewa tsafi ce. Amon babbar ganga ba kunne kaɗai yake bi ba, yana bin ƙasa. In gangar tana wurin da ɗaki ke gurnani, ruwan tasar sai ya yi ta tsalle a hargitse. In tana wurinta, sai ruwan ya yi zobe-zobe a natse, ɗaya na bin ɗaya. Da yana da kunne, tasar shaida ce kawai. Yanzu ita ce alƙali.

Maharazu ya cika ta, ya ajiye a kusurwa, ya kwanta rub da ciki, idonsa daidai da bakinta, tafinsa a ƙasa. Halliru ya buga. Maharazu ya yi masa alama ya matsar da gangar. Ya buga. Ya matsa. Siminti ba daɓe ba ne, tsohon wurin bai ƙara yin aiki ba, dole a nemi sabo. Kwana uku suna haka, daga hantsi zuwa azahar. Halliru ya ce tun da yake bai taɓa buga wa tasa kiɗa ba, kuma ko sisi ba ta liƙa masa ba.

A rana ta uku ruwan ya yi zobe. Maharazu bai motsa ba har sai da aka buga sau goma. Sannan ya tashi, ya ɗauko guduma da ƙusar kankare, ya ɗage zana. Alhaji Dabo, da ya jiyo bugu daga shagonsa, ya rugo da gudu.

“Malam! Simintina! Sabo hul!”

Maharazu bai ɗago ba. Ko bai ji ba ne, ko ya ji, har yau ba wanda ya sani. Ya buga ta sai da kanta ya kwanta. Daga baya sauran shidan suka bi ta.

Kaset na farko da ya fito bayan nan, Halliru ya saurara, ya gyaɗa kai. Mawaƙin da ya ce mai rakoda ya tsufa ya dawo layi. Alhaji bai nemi gafara ba, amma maganar shagon yadi ta mutu. Sunan kuwa har yanzu ba ya kan kwali.

Malam Maharazu, kai ne ka yi wahala sau ɗaya don kada ɗari su yi ta kullum. Kai ne ka bar fili a cikin kiɗanka don muryar wani ta shiga, muryar ta shiga ta yi suna, kai ka tsaya a baya. Aka share aikinka da tsintsiya, aka sa ka yi godiya, ka kwanta a ƙasa ka sake shi daga farko da rabin kunne. Mashimfiɗi, ba ka roƙi yabo ba, kuma wannan ɗin ma ya zo a makare. Mun gode. Allah ya kiyaye maka sauran jin, ya saka maka da abin da mutane suka kasa.

Masu sana’a su ɗauki darasi: in ka gano daidai, ka kafa masa alama, don na bayanka ya tashi daga inda ka tsaya. Masu buga kaset, layi ɗaya ne a bayan kwali, tawada ba ta ƙare ba. Sauran mu kuma, in mun shiga ɗakin ma’aikaci muka ga abin da ba mu gane ba, mu ajiye tsintsiya mu tambaya.

Wanda ya shiga kasuwar Illela, ya zaga bayan layin masu kaset ya gaishe shi. Ya tsaya ta damansa, ya ɗaga murya. Kuma ya dubi inda yake sa ƙafa: akwai ƙusa bakwai a ƙasa, kowace tana bakin aikinta.