Baba Mai Ƙwai Ya Ajiye Tsaninsa

Shekara talatin da ɗaya, ƙarfe bakwai na safe a asibiti take yi masa. Tsani a kafaɗa, filaya a aljihu, yana bi ɗaki-ɗaki yana canza ƙwan fitilar da ya ƙone. Nan sunan ya samo asali. Sababbin ma'aikata kan zo masa da kwano, a zatonsu na kaza yake sayarwa. Jiya ya yi ritaya.

Yana da wata ɗabi'a da ta sha jawo masa dariya. In ya ga gado babu kowa, sai ya cire takalmi ya kwanta rigingine, ya ƙura wa silin ido. Hujjarsa ita ce, shi a tsaye yake ɗaura fitila, majinyaci kuwa a kwance yake wuni ƙarƙashinta.

An taɓa kwantar da wata tsohuwa a ɗakin mata. Kwana huɗu ta ƙi buɗe ido, ta ƙi abinci, sai ta ja zane ta rufe fuska. 'Yarta har ta fara kuka, tana zaton hankalin ne ya taɓu. Baba ya zo wucewa, ya dubi gadon, ya dubi ƙwan da ke saitin fuskar. Ya nemi izini, ya tare ƙwan da faranti daga ƙasa. Hasken ya koma yana dukan farin silin, ya sauko a tausashe.

Babbar nas ta ce ɗakin ya yi duhu, a mayar yadda yake. Bai yi musu ba, ya miƙa mata kwalbar magani mai ƙananan rubutu.

"Ranki ya daɗe, karanta mini."

Ta karanta tsaf.

"To, hasken yana nan. Ƙwan ne ba kya gani."

Kafin la'asar tsohuwar ta yaye zane, ta ce wa 'yarta yunwa take ji. Cikin wata guda aka juya duk fitilun ɗakin suka kalli silin, ban da ta teburin ɗinkin rauni. Ita kam Baba ya ce a bar ta kai tsaye, mai allura na bukatarta.

Baba, kai ne ma'aikacin da babu sunansa a katin majinyaci ko ɗaya. Mun gode. Allah ya ba ka hutu mai albarka. Masu tasowa a sana'ar, kafin ku ɗaura fitila, ku tambayi wanda zai zauna a ƙarƙashinta.