Gude-guden Gindin Famfo

A tsakar gidan da na tashi, a unguwar Arras ta Treichville, cikin Abidjan, akwai wani ɗan fili kusa da famfo wanda tsintsiya ba ta taɓa shi. Nan ake ɗaure ragon layya. Kowace shekara Baba yakan sayo ragon da manyan motoci suka kawo daga arewa, ya haɗo da damin busasshiyar ciyawar da aka zo da ita. Bayan Sallah, in ruwa ya sauka, sai wurin ya yi kore. Kaka, mahaifiyar Baba, ta hana kowa cirewa.

"Baƙina ne," in ji ta. "Daga gida suka biyo rago."

Tun tana amarya ta baro ƙauyensu a ƙasar Maraɗi, ba ta sake komawa ba. Ni kuwa ban taɓa ganin can ba. Abin da na sani na arewa shi ne ƙamshin damin nan, da sunan da Kaka ke kiran ciyawar, wato gude-gude. Takan tsinko kanta, mai yatsu gajeru kamar sawun tsuntsu, ta murza tsinken tsakanin tafukanta ya yi ta juyi, ta ce haka suke yi suna yara in an tura su kiwo.

Ina jami'a ina karatun tsirrai lokacin da idanunta suka dushe. Kawu ya ɗauke ta zuwa gidansa na bene a Adjamé Liberté, inda ba ta iya sauka. Ba a daɗe ba mai gidan da muke haya ya ce zai shafe tsakar gida da siminti. Da na kai mata labari sai ta shiga shafa bakin tabarma.

"Ƙawata, kawo mini ɗaya kafin su rufe su. Amma ki kula, akwai tuji a ciki. Kar ki kwaso mini wannan mai taurin kan."

"Kaka, ai duk ciyawa ce."

"Ke ma duk jika ce, amma na fi son ƙanwarki."

Na yi dariya, amma a cikin gbaka, ƙaramar bas ɗinmu, hankalina bai kwanta ba. In sun fitar da kai, raba su ba wuya. Yatsun tuji dogaye ne sirara, sau da yawa ɗaya yakan zame ƙasa da 'yan'uwansa. Na gude-gude gajeru ne masu kauri, duk daga wuri ɗaya suke tashi, kowanne ya ƙare da ɗan tsini. A makaranta mun koyi cewa danginta ba su da yawa a duniya, kuma da tsinin nan ake gane su. Sai dai damina ta fara ke nan, babu wadda ta yi kai, ga yashin magina an riga an zube a ƙofar gida.

Da safe na durƙusa a gindin famfo da ɗan gilashin da muke duba ganye da shi. Wata maƙwabciya tana wanki, ta tambaye ni da Faransanci ko ɗan kunne na yar. Na bi ciyayin ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun tsaya cunkus, gindinsu fari kuma a baje kamar an danne shi, na ja suka ƙi fita. Tuji ke nan. Can jikin bango na ga wata ta kwanta tana rarrafe, kowace gaɓa da ta taɓa ƙasa ta sa saiwa. A gefen ganyenta akwai gashi jere, kowane da ɗan ƙullutu a gindinsa. Littafi ya ce haka take, amma littafi bai cire mini shakka ba. Na haƙo ta da cokali har da ƙasarta, na sa a gwangwanin tumatir. Kafin la'asar magina sun fara kwaɓa siminti.

Na rungume gwangwanin a cikin gbaka muka haye gada zuwa Adjamé. Yaron mota ya leƙa ya ce, "Tanti, wannan ma sai ta biya kujera."

Kaka ta shafa ganyen ta ce ba za ta yi rantsuwa ba tukuna. Muka ajiye shi a baranda, inda rana ke faɗowa da hantsi. Duk ranar da ba ni da darasi nakan zo, in same ta zaune kusa da shi da butarta. Idan tuji na ɗauko, babu inda zan koma in sake. Wurin ya zama daɓe.

Akwai abin da na riƙe a ciki. Gude-gude tana ko'ina a Abidjan, a bakin kwata, a gefen titin jirgin ƙasa. Mai yiwuwa ma ba rago ne ya kawo ta ba. Wata rana na kasa haƙuri na faɗa mata.

"Na sani," ta ce. "Da ina da ido ina ganin su a hanyar kasuwa. Waɗancan ban san iyayensu ba."

Ranar wata Juma'a na tarar kan ya fito, ɗan ƙarami, yatsu huɗu. Na kama hannunta na ɗora. Ta bi yatsa ɗaya a hankali har ƙarshe, tsinin ya taɓa ta, ta tsaya a nan.

"Ita ce," ta ce.

Na ce in tsinko mata ta murza? Ta riƙe mini hannu.

"Bar ta ta zuba iri tukuna."

Ta fara ba ni labarin wata fadama a bayan ƙauyensu, inda gude-gude ke rufe ƙasa har awaki su ƙi komawa gida. Na zauna a kan siminti ina saurare, hayaniyar Adjamé tana tasowa daga ƙasa, ina ƙoƙarin ganin wurin.