Fartanya Mai Huda Biyu

Aikin ido ne ya kawo ni Alƙahira. Da aka gama sai na zauna, saboda ɗana ya riga ya kafu a nan, yana sarin kaya a kasuwar Ataba yana turawa Kano da Maradi. Benen da muke haya a Giza hawa shida ne, mu muna na uku. Ƙofar da ke kallon tamu ta wani Bamisire ce, tsohon malamin makaranta da ya koyar da labarin ƙasa har ya yi ritaya. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna ƙasashen waje. Ina ce masa Ustaz, yana ce mini ya Hajj. Bayan la'asar mukan buga domino a barandarsa, ya yi ta cinye ni yana ba ni haƙuri.

A lokacin yana rubuta tarihin gidansu a wani littafi mai baƙin bango, don jikokinsa da Larabcinsu ya fara sanyi. Ya gama komai sai shafin farko, na kakan mahaifinsa. Abin da gidan ya gada shi ne cewa mutumin akawun gwamnati ne, an tura shi aiki Sudan, can Fazugli kusa da iyakar Habasha, ya yi shekaru ya dawo da mutuncinsa. A falon akwai kabad na gilashi, a ciki da jar hular dara da aka ce tasa ce, da wani ƙarfe mai faɗin tafin hannu. Ƙanwar Ustaz, wadda ke zuwa daga unguwar Zamalek duk Jumma'a da tiren abinci, ta haƙiƙance lambar girma ce da wani sarkin can ya ba kakansu.

Wata rana ya ɗauko ƙarfen ya aza mini a cinya. Ya ce tunda na zaga duniya, ko na taɓa ganin irinsa, domin yana so ya rubuta sunansa daidai.

Ban sha wahala ba. Ruwan fartanya ne, irin tamu, mai tsinin da ake cusawa a ƙota, ba irin gatarin noman Misirawa mai nauyi ba. Na yi noma da irinta kafin in san boko. Abu ɗaya ne ban gane ba: huda biyu a jere kusa da wuyanta, kowace ɗan yatsa ba zai shiga ba. Fartanya ba ta da aikin huda. Na gaya masa iyakar abin da na sani. Ya yi dariya ya ce to sarkin ya yi rowa ke nan.

Ustaz ya san abin da Fazugli take. Malamin labarin ƙasa ne, ya san can ne hukumar Masar ta wancan zamani take jefa waɗanda ta yanke wa hukunci mai tsanani, su yi ta wanke yashi ana neman zinariya, zazzaɓi yana kwashe su. Amma wurin da ake tsare mutane yana buƙatar akawu, kuma a nan ya ajiye kakansa.

Na daɗe ina aikin tafinta a jiragen ruwa na dakon kaya, kuma na sauka a ƙasashe biyu da aka fara cika su da fursunoni. A Ostireliya wata mata da ta sayar mana da kayan abinci ta nuna mini kwafin takardar hukuncin kakar kakarta a cikin firam, a bangon ofishinta. Sata ce ta 'yan ƙyallaye. Matar tana nunawa kamar yadda mu muke nuna hoton wanda ya sauke farali. A wani tsibiri na Faransawa kuma na ci abinci a gidan jikokin Larabawan Aljeriya da aka kai a ɗaure. Ba su iya Larabci ba, amma sun riƙe dabino a tsakar gida, kuma in aka zo kan dalilin zuwan kakansu sai a miƙa maka kwano a kau da zancen. Ban san ɓangaren da Ustaz zai faɗa ciki ba, ban ma yi tunanin tambayar za ta taso ba.

Na tuna da wani dattijo a Ataba, Bahaushen Sudan da yaƙi ya koro, yana yanka makullai da gyaran kwaɗo a wani lungu bayan masu sayar da fitilu. Gidansu maƙera ne a gaɓar kogin Shuɗin Nilu tun zamanin da kakanninsu suka tsaya a hanyar Makka ba su ƙarasa ba. Nakan tsokane shi da Sarkin Maƙera, shi kuma ya ce sarautar da ba ta wuce faɗin tebur ba. Na ce wa Ustaz mu kai masa.

Muka shiga jirgin ƙasa na metro da hantsi, ƙarfen a naɗe cikin tawul. Maƙerin ya aika aka kawo shayi, ya karɓi ƙarfen, ya juya shi, ya sa babban yatsa ya shafi hudojin. Ya tambayi Ustaz da Larabci inda ya samo shi. Ustaz ya ba shi labarin akawu, har da jar dara. Maƙerin ya ce ma sha Allah, aiki ne mai kyau, ƙarfen da can ya fi na yanzu. Sannan ya juyo gare ni ya koma Hausa, muryarsa ba ta canza ba, kamar yana tambayata lafiyar gida.

Ya ce mari ne. Irin na ƙafa, wanda ake sa wa fursuna. Hudojin nan na ƙusoshin da ake ɗaure shi ne.

Ya ce abin da ya ji daga kakarsa shi ne, lokacin da mutanensu suka sauka kusa da Fazugli, ba su da komai sai zuga-zugi da uwar maƙera. Sojojin da ke gadi ba su da maƙeri mai daɗewa, zazzaɓi ba ya barin su. Sai ya zama in fursuna ya mutu, ana kiran maƙerin baƙi ya cire marin kafin a yi masa wanka, domin mutanensu sun ƙi yarda a binne Musulmi da ƙarfe a ƙafa. Daga nan aikin ya zama nasu, har da na masu rai da suka cika wa'adi. Wanda aka saka ba shi da guzurin komawa Masar, tafiyar watanni ce. Yawanci sai su nemi gona a gefen ta baƙin. Maƙerin baƙin yakan buɗe marin mutum ya buga masa fartanya da shi, amma ya bar hudojin da gangan. Wanda ya gudu, dutse yake samu ya fasa marinsa ya jefa a kogi. Wanda ke riƙe da fartanya mai huda biyu, kowane soja ya san a gaban hukuma aka kwance shi. Takarda tana jiƙewa, gara tana cinye ta, kuma yawancinsu ba su iya karanta ta ba.

Ya ce ba a ba akawu irin wannan. Ba a kuma sayar da ita, ba a kyauta da ita, don ranka ne a hannunka.

"Alhaji, kada ka gaya masa," in ji shi. "Dattijo ne, ya zo da kakansa a naɗe cikin tawul. Ka ce masa aikin mutanenmu ne, khalas, shi ke nan."

Ustaz yana shan shayinsa yana kallon masu wucewa. Da muka fito titi ya tambaye ni me mutumin ya ce. Na ce ya tabbatar fartanya ce, ƙirar Hausawan can. Ya ce wannan na faɗa masa tun a gida. Ya ce maƙerin ya yi magana ta kai minti goma, kuma shi ya shekara da shekaru yana sauraron yara suna ba da rabin amsa.

A aikin tafinta na sha rage wa magana kaifi. Kyaftin ya zagi ɗan dako, in ce ya ce a hanzarta. Ban taɓa jin nauyin hakan ba, don kaya ake saukewa, gobe kowa ya kama gabansa. Wannan kuwa littafi ne da za a karanta bayan ba ma nan, kuma mutumin ya tambaye ni sau biyu. Muna tsaye a inuwar wani shagon takalma na mayar masa da maganar duka, yadda aka faɗe ta, ban ƙara ba ban rage ba. Na haɗa da cewa maƙerin ya roƙe ni in yi shiru.

Ya tambaya ko maƙerin ya san laifin. Na ce babu wanda zai sani. A wancan zamani ana kai mai kisa, ana kai wanda ya gudu daga aikin soja, ana kai wanda ya yi wa mai gona gardama. Ya gyaɗa kai. Muka koma gida a metro, tawul ɗin yana kan gwiwarsa.

Kusan wata guda ba a buga domino ba. Muna haɗuwa a matakala mu gaisa. Wata Jumma'a na jiyo muryar ƙanwarsa ta bango, sama-sama, sannan aka rufe ƙofa da ƙarfi. Jumma'ar da ta biyo baya ba ta zo ba. Ɗana ya ce da na bi shawarar maƙerin. Ban yi masa musu ba.

Ranar da Ustaz ya ƙwanƙwasa mana, da littafin ya zo. Ya zauna ya karanta mini shafin farko da irin muryar da ake karanta wa aji. Ya rubuta cewa gidan ya daɗe yana cewa kakansu akawu ne, kuma bai ga laifin wanda ya fara faɗin haka ba. Ya rubuta abin da maƙerin ya ce, ya bayyana cewa daga bakin maƙeri ne ta hanyar tafinta, ba daga takarda ba. Ya zana fartanyar da fensir, da hudojinta. A ƙasa ya sa cewa an kai mutumin a ɗaure, ya cika wa'adinsa, ya yi noma a cikin baƙi har ya tara abin dawowa, kuma bai yar da ƙarfen ba ko da ya iso inda babu sojan da zai tambaye shi.

Ya ce ƙanwarsa ta ɗauke jar darar ta kai gidanta, ta ce ita nata kakan akawu ne. Ya ce ma'alish, ba komai, dama hular ta yi wa kabad ɗin yawa.

Sai ya tambaye ni yadda ake kiran abin da Hausa, don ya rubuta a ƙarƙashin zanen. Na faɗa masa sau uku. Ya rubuta da haruffan Larabci, ya nuna mini, na gyara masa wasali ɗaya. Daga nan muka koma barandarsa, ya juye domino a kan tebur.