Wuƙar da Aka Ce In Dakushe

Jama'a, na rantse da Allah wannan abu ni ya faru da ni, ba ji na yi ba. Shekarar fari ce, zamanin soja, ina sana'ar wasa wuƙa a kasuwar Wadata ta Yamai, samarin ƙauye sun cika gari suna dako, a kan buhu ɗaya sai ka ga an zare ƙarfe, gawa ta faɗi. Mu kuwa masu wasawa, Allah ya yafe mana, ciniki ya buɗe.

Wata rana da azahar, rana tsaka, sai ga wani saurayi ya tsaya a kaina, ƙanshin kafur na tashi daga jikinsa, ya miƙo min wuƙa da hannun da ke da cindo.

Ya ce, "Yaya, dakushe ta za ka yi."

Kai! Shekara goma ina wannan aiki, ba wanda ya taɓa cewa in kashe kaifi. Na yi dariya, na ce ko rana ce ta taɓa shi? Ina juya ƙotar sai na gane wuƙar ƙanena Ila ce, ni da kaina na ɗaure ta da jar waya.

Ya ce, "Mai ita shina zuwa da la'asar. Kar ka ba shi da baki."

Na ɗago in tambaye shi, babu kowa, sai masu turin kura. Na kifa bakinta kan dutse, na murje shi har ko albasa ba za ta yanka ba.

La'asar na yi sai ga Ila a guje, ido jawur, wai ya buɗe akwatinsa bai gan ta ba. Yana hango ta ya fizge, ya ce yau sai ya rama wa abokinsa Hamidu da aka soke jiya a unguwar Gamkalle. Na bi shi ina ihu, ina! A gabana ya kai wa yaron da ya soki Hamidu suka a ciki har sau biyu, wallahi ko rigarsa ba ta huda ba. Jandarmomi suka kwashe su, Ila ya sha kulki, ya kwana bakwai a kaso, ya fito bai ɗauki ran kowa ba.

Da ya dawo na ba shi labarin wanda ya kawo wuƙar, ina ambatar cindo sai ya zube ƙasa yana salati. Ya ce Hamidu ne, kuma da hantsin ranar nan shi da hannunsa ya sa shi a kabari.

Har gobe in na ji ƙanshin kafur sai tsigar jikina ta tashi. Samari, ku ajiye ƙarfe don Allah. Wanda ma aka kashe bai yarda a rama masa ba.