Keken Baturiyar Ƙarfi

Duk wanda ya tashi a Malumfashi tun garin yana cikin jihar Kaduna, in dai gidansu akwai mace mai langa ko zanen da ta gaji da shi, to ya san Mairo dillaliya. Gajeriya ce, mai saurin tafiya, kullum da ƙunshi a ka wanda ya fi ta faɗi. Ita da bakinta takan ce Allah bai ba ta kyau ba, bai ba ta tsawo ba, sai ya tara mata duka a harshe. Mijinta Sanda manomi ne, mutumin da in ya yi magana uku a yini to ya yi surutu. 'Yan unguwa sukan ce ai ita ta cinye masa rabonsa, ita kuwa ta ce ba ta ci ba, ajiya ya ba ta.

Ta fara dillanci ne shekarar da fari ya ƙone gero, lokacin mutane suna koyon kiran naira bakinsu yana komawa kan sule. Wata maƙwabciyarta ta ja ta bayan rumbu, ta miƙa mata tasa biyu a cikin tsumma, ta roƙe ta ta kai su inda ba wanda ya san su. Mairo ta hau mota zuwa Funtua, ta sayar, ta dawo, ba ta gaya wa kowa ba. Wannan shirun, a cewarta, shi ne aiki mafi wuya da ta taɓa yi, ya fi naƙuda. Amma kafin kaka ta zagayo mata bakwai sun ja ta bayan rumbu.

Sana'ar tana bin auduga kamar yadda jela ke bin raƙumi. In an auna auduga kuɗi sun shigo, kowa ya zama mai saye: rediyo, agogon bango, fitilar ƙwai, atamfa, kwanukan jere. In bazara ta yi, ana neman taki da iri, kayan nan su sake fitowa ta ƙofar baya, a cikin ƙunshin Mairo. Doka ɗaya take taƙama da ita, cewa kaya ba ya zama a garin da ya fito. Na Ƙarfi ta kai Funtua, na Funtua ta kai Musawa, na Malumfashi ta kai ko'ina ban da Malumfashi. Langa in ta zo hannunta sai ta kifa ta, ta kankare ɗigon jan farcen da mai ita ta yi wa gindinta don shaida. Ba ta faɗin mai kaya ko da za a yanka ta. Maimakon haka sai ta ƙaga wa kowane kaya tarihi: wannan zanen na matar alƙali ne, sau ɗaya ta ɗaura, wannan agogon daga Makka ya zo, shi ya sa yake gaba da na kowa. Mutanen Funtua suna kiranta Hajiya, ba ta taɓa hana su ba, ko da yake iyakar nisan da ta taɓa yi a duniya Zariya ne.

A Ƙarfi tana da aminiya, Liatu matar Sulemanu. Gidan Kirista ne, babba, manoman auduga da dawa. Ruwan sama ne ya fara koro Mairo zaurensu, Liatu ta ba ta buta da tabarma ta yi la'asar, tun daga ranar butar ta zama ta Mairo, a rataye a jikin danga ba mai taɓawa. Kirsimeti shinkafa ta zo Malumfashi, Sallah nama ya je Ƙarfi.

A ɗakin Liatu akwai keken ɗinki na hannu, baƙi, a kan katako. Asalinsa na surukarta ne, Inna Susana, wadda marigayi mijinta ya saya mata da kuɗin auduga tun Sulemanu yana rarrafe. Da idon tsohuwar ya yi rauni sai ta ba Liatu, a gaban 'ya'yanta duka, ta kuma maimaita maganar marigayi cewa keken nan kada ya bar gidan nan. A gefen katakon akwai tabon ƙuna mai siffar dutsen guga, wanda duk macen da ta taɓa kawo faci gidan ta san shi.

Shekarar da ake bin layi a sayi sabulu da madara, tsutsa ta shiga audugar Sulemanu ta gama da ita. Ga shi an sa ranar auren ƙanensa bayan Kirsimeti, shi ne kuma uba tunda uban ya rasu. An gina ɗakin amarya, an yi yaɓe, ba kwanon rufi. Sulemanu ya daina cin tuwo da kyau. Ran nan Mairo ta zo, Liatu ta ja ta, ba bayan rumbu ba, ƙuryar ɗaki, ta yaye ƙyallen da ke kan keken.

"Yaya Mairo, nesa," in ji ta. "Na gaya wa Inna gyara za a kai shi. Shi kuma maigidan zan ce masa adashi na ɗauka. In Inna ta ji na sayar, ban san da wane ido zan dube ta ba."

Mairo ta bugi ƙirji. Ta ce shekara goma sha ɗaya tana wannan aiki, ko cokali bai taɓa gane hanyar gida ba, balle keke. Ta naɗe shi a tabarma, ta ɗora a ka, ta wuce Malumfashi ba ta sauke ba, ta ce Bakori ma ta yi kusa. Sai Funtua, a bayan a-kori-kura, tana rungume da shi kamar jariri tsakanin buhunan barkono.

Wani tela a kasuwa ya haɗa ta da mai nema, wani saurayi mai suna Mark, ma'aikacin masaƙa, da farar riga da alƙalami a aljihu. Ya juya hannun keken, ya saurara, ya yaba. Sai idonsa ya sauka kan tabon, ya ɗan yamutsa fuska. Nan harshen Mairo ya tashi aiki. Ta ce ashe bai san kayan Ingila ba, ai wannan hatimi ne, da wuta suke bugawa a jikin na asali. Ta ce keken na wata Baturiya ne, malamar asibiti, da ta koma ƙasarsu tana kuka saboda jirgi ya ƙi ɗaukar mata shi, kuma ba abin da ta taɓa ɗinkawa da shi sai hankici. Ko Mark ya yarda ko labarin ne kawai ya yi masa daɗi, oho. Ya yi murmushi ya ce dama ƙanwarsa zai saya wa, tana can gida wajen Mahuta, aure za ta yi, za a kai ta...

Bai kai aya ba. Mairo ta tare shi da addu'a, Allah ya ba da zaman lafiya, Allah ya kawo 'yan biyu, amaryar da ta shiga da keken Baturiya ai ta shiga da ƙafar dama. Ta karɓi kuɗi, ta ɗaure a bakin zane, ta kamo hanya tana yaba wa kanta. Daga baya takan ce da ta rufe baki na tsawon haɗiyar yawu ɗaya, da ta ji sunan garin. Shekara goma sha ɗaya tana bin diddigin inda kaya ya fito, ba ta taɓa tambayar inda za shi ba.

Aka sayi kwano, aka rufa ɗaki, Sulemanu ya koma cin tuwo. Washegarin kawo amarya, ranar da mata ke zuwa ganin ɗaki, Mairo ta ci ado ta iso Ƙarfi da hantsi, don ita biki kasuwa ce, nan take ganin abin da zai fito da bazara. Tun a bakin zaure ta ci karo da Liatu, riƙe da tulu, fuska kamar an yayyafa mata toka.

"Ya dawo," in ji Liatu.

Mairo ta tambaya wa ya dawo. Kafin a ba ta amsa sai ga farar riga daga cikin mazan da ke zaune a inuwar ɗorawa. Mark ne, yayan amarya, ya taso da fara'a, ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya juya ya sanar wa jama'a cewa ga Hajiyar da ta samo musu keken Baturiya. Mutanen Ƙarfi, waɗanda suka san Mairo ba Hajiya ba ce, suka kuma san ɗakin da take sauka, suka amsa da madalla, kowa yana duban yatsun ƙafarsa.

Ta yi tunanin komawa tasha. Amma ta dubi Liatu, ta ga ba inda ita za ta gudu, sai ta bi ta ciki.

Ɗakin cike yake da mata. Ga kwanuka a jere har sama, ga gado da labule, ga keken a kan tebur a tsakiya, an goge shi yana ƙyalli, tabon yana kallon ƙofa. Matan gidan da na maƙwabta suna kewaya shi suna sa albarka, ba wadda ta bari idonta ya tsaya a gefen katakon. Mairo ta kutsa, ta ciro wani ƙyalle daga ƙunshinta ta shimfiɗa a kai, wai ƙura ba ta yi wa irin wannan kyau. Amarya Salome, yarinya mai ladabi, ta miƙo hannu ta janye ƙyallen, ta ce a'a Baba, ai nan ne hatimin, kowa shi yake so ya gani.

Sai aka ji sandar Inna Susana a bakin ƙofa. Aka buɗa mata hanya. Idonta ba ya gani sosai, hannu ne idonta, ta shafa gado, ta shafa kwanuka, tana sa albarka, har aka kai ta gaban tebur ana gaya mata labarin Baturiya da jirgi da hankici. Ta ɗora tafin hannu a kan keken. Ta juya hannunsa sau ɗaya, ya yi ɗan ƙas ɗin nan da yake yi a kowane zagaye. Yatsunta suka gangara kan katakon, suka sami tabon, suka bi gefensa tun daga hancin har gindin. Liatu tana tsaye a bakin ƙofa da tulunta, ruwa yana ɗiga mata a ƙafa ba ta sani ba.

"Mairo, kina nan?"

"Ina nan, Inna."

"Baturiyar nan, lafiya ta rabu da shi?"

Mairo ta buɗe baki, ta lalubi labari, a karo na farko a rayuwarta ta tarar rumbun ba komai. Abin da ya fito kawai shi ne, "Dillaliya ba ta faɗin sirrin mai kaya, Inna."

Rana ta fara zafi, sabon kwanon rufi yana ɗan ƙara a saman kawunansu yana miƙewa. Tsohuwar ta ɗaga kai ta saurare shi, ta daɗe. Sannan ta juya fuskarta wajen ƙofa ta ce Allah ya yi wa Baturiyar nan albarka a duk inda take tsaye. Mata suka amsa da amin mai ƙarfi, wasu har da share ido. Ta jawo hannun amarya ta ɗora a ƙarƙashin keken, ta ce ta riƙa ɗiga mai a nan, kuma in ta zo kan kauri ta sassauta, don yakan cije. Salome ta tambaya cikin mamaki yadda aka yi Inna ta sani. Tsohuwar ta ce duk na Ingila haka suke.

Bayan azahar, Mairo ta idar da salla tana shirin sulalewa, aka ce Inna tana kira. Ta tarar da Liatu a durƙushe a gaban gadon tsohuwar, kai a ƙasa. Inna Susana ta ce ta tashi, ba ta yi laifi ba. Marigayi ya ce kada keken ya bar gidan nan, kuma bai bari ba, an ce gyara ya je, ga shi ya dawo, ya tarar da ɗaki rufaffe. Game da hatimi kuwa, ta ce tana so Mairo ta sani ita da kanta ta buga shi, ranar da akuya ta shiga mata shanyar kuɓewa ta ajiye dutsen guga a kan katakon ta bi ta da gudu, kuma har yau ba a kai ta Ingila ta karɓi ladanta ba.

Sannan ta laluba ƙarƙashin gado ta jawo wasu tasoshi uku na jan ƙarfe, na aurenta, ta tura gaban Mairo. Ta ce a sayar, a nemo wa Liatu wani keken, ko tsoho ne, don gida mai mata biyu masu ɗinki ba ya zama da keke ɗaya.

"Ki kai su nesa, 'yar nan," ta ce. "In mai saye ya buɗe baki kuma, ki bar shi ya kai ƙarshen maganarsa."

Mairo ta kai su Musawa. Wanda ya saya wani dattijo ne mai son zance, ta zauna ta saurare shi tun daga garinsu har garin surukan jikokinsa, rana ta faɗa mata a ka, motar ƙarshe ta tafi ta bar ta. Ta ci gaba da yawo da ƙunshinta har bayan an yanke jihar Katsina, sai da gwiwa ta zaunar da ita. Ba ta taɓa jin wani a Ƙarfi ya tada zancen keken ba, kuma wannan ne ya fi ci mata rai. Takan ce ita tana karɓar la'ada a kan rufin asiri, ga gari guda sun yi shi kyauta, sun kuma fi ta iyawa. Sai dai har Inna Susana ta rasu, in tana son ruwa kuma ba baƙo a tsakar gida, takan ɗaga murya ta ce ina Baturiya, Liatu kuma ta amsa.