Zaren Inna Kulu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labari ya same ni: Inna Kulu mai maganin ciwon kai ta rasu, tun jiya aka kai ta makwancinta a Yelwa.

Amma ba rashinta kaɗai ke damuna ba.

Duk mai fama da ciwon kan nan na toshewar hanci, mai danne goshi da ƙasan ido, ya san zaurenta. Ni dai ta sha dafa mini ganyen turare da citta da kanumfari, ta lulluɓe ni da bargo, ta zauna a gefe tana yi mini tsiya wai ma'aikatan asibiti ma a ɓoye suke zuwa.

Magani biyu take ƙullawa a leda. Mai farin zare gari ne na shaƙa. Mai baƙin zare na sirace ne kawai, akwai wata saiwa mai ƙarfi a ciki. Ta taɓa ce mini, "Wanga in ya shiga hanci, jini ba shi tsayawa."

Makon jiya na je. Ta ɗaga wani ƙulli ta ce, "Ɗiyata, wanga zare hwari na ko baƙi?"

Na ce baƙi ne. Ta sansana, ta ji garin shaƙa ne a ciki, ta kwance shi. Ashe idonta ya daɗe da tafiya. Da hanci take rarrabewa kafin ta miƙa wa mutum, zaren kuwa duk wanda hannunta ya taɓa take ɗaurawa. Ta ce kada in faɗa wa yaranta.

Yau nake jin bayan jana'iza sun rabar da sauran maganin sadaka, suna cewa a bi zare.

Na kira babban ɗanta, an karɓo na maƙwabta. Saura Malam Garba masunci, wanda ya kwashi ƙulli da yawa ya shiga jirgin ruwa zuwa wajen Wara, zai kai wa matarsa. Wayarsa ba ta shiga.

Don Allah wanda ke da ɗan'uwa a bakin ruwan can ya kira shi yanzu. Kada kowa ya shaƙa, ko da zaren fari ne.

Allah Ya jiƙan Inna Kulu, Ya haskaka kabarinta, kada Ya sa maganinta ya cutar da kowa bayan ranta. Ku sa ta a addu'a, ku kuma roƙa saƙon nan ya riga Malam Garba isa gida.