Juyi Ɗaya da Rabi

Shekara arba'in da huɗu Eleuterio Zamudio ya yi yana raba wa gabashin birninmu ruwa. Ya kama aiki ranar Litinin ta farko a watan Maris na 1977, yana ɗan shekara ashirin da biyu, kuma a ranar aka danƙa masa mabuɗinsa: sandan ƙarfe mai tsawon ƙirjin mutum, kansa kamar gicciye, nauyinsa kilo tara. Ba mai kiransa da cikakken sunansa sai limamin coci. Kowa Don Lute yake ce masa.

Ruwan birnin bai taɓa isar kowa a rana guda ba, saboda haka bi da bi ake sha. Akwai bawul, wato makullin bututun ruwa, hamsin da takwas binne a ƙarƙashin titunan gabas, kuma aikin Don Lute shi ne ya buɗe wannan, ya rufe wancan, unguwa ta samu yau, maƙwabciyarta gobe. Taswirar ofis ta san talatin kawai. Sauran kwalta ta rufe su tun zamanin da ake shimfiɗa tituna, suna cikin kansa. Yakan ɗora ƙasan mabuɗin a kan murfi, ya manna kunne a hannun ƙarfen, ya gaya maka ko bututun lafiya yake ko ya tsage. Kowane bawul da sunan da ya raɗa masa. Akwai Mai Tari, akwai Suruka, wadda sai an lallaɓa ta, akwai kuma Kurma, a gindin tudun Las Biznagas, wadda ba a jin motsin ruwa a cikinta ko kaɗan.

A shekarar 1994 mutane suka fara kafa ɗakunan kwano a kan tudun. Ba su da takardar fili, don haka a idon hukumar ruwa babu su. Wadda ta ja gabansu ita ce Doña Crescencia, mai sayar da tamal, wani irin alalen masara, a bakin tasha, wadda ake ce wa Chencha. Don Lute ne ya riƙe ɗanta na fari a wurin baftisma, tun daga nan take ce masa compadre, shi kuma ya ce mata comadre.

Shi ya tuna da wani tsohon bututu da aka ja wa ma'aikatar fasa dutse, wadda ta rufe tun kafin a haife shi. Juyi goma sha huɗu ne ke rufe Kurma ruf. Ya gano cewa in ya tsaya a juyi sha biyu da rabi ranar Laraba, ruwa zai bi tsohon bututun ya hau tudu, ya fito a famfo guda ɗaya a bayan ɗakin Chencha. Haka ya yi shekara ashirin da bakwai. Bai tsallake Laraba ɗaya ba, har makon da aka binne matarsa Herminia. Gidaje sittin da uku ke cika gangunansu da wannan juyi ɗaya da rabi, kuma ba wanda ya taɓa furta maganar a ƙasan tudu.

A farkon 2021 aka turo masa wani injiniya, Ulises Barragán, da kwamfutar hannu da farin takalmi. Ya ce birni zai waye. Za a sa wa kowane bawul na'ura mai jin motsin ruwa, a riƙa buɗewa da rufewa daga ofis, ba mai sake yawo da ƙarfe a kafaɗa.

“Don Lute, cikin kowane bokiti goma da muke turowa, huɗu ƙasa ce ke shanyewa,” in ji shi. “Ga rijiyoyi suna ƙafewa, birnin kansa yana nutsewa.”

“Ni za ka gaya wa? Tun kana tsumma nake jin kukan bututun nan. Amma da wannan takalmin za ka bi ni? Ko rawa aka gayyace ka?”

Wata huɗu suka yi suna zagaye. Don Lute ya nuna, Ulises ya danna, bawul ya bayyana a taswira. Injiniyan ba ya girman kai. Ya koyi sa kunne a ƙarfe, ya ci wake da tortilla, gurasar masara, a teburin tsohon, ya riƙa ce masa maigida. Don Lute, wanda Allah bai ba shi haihuwa ba, ya fara zuba kofi biyu da safe ba tare da ya lura ba. Bawul hamsin da bakwai ya bayar da labarinsu kaf. Na Kurma ya ce kawai juyi sha huɗu ne.

Abin ya dame shi. A watan Disamba zai ajiye aiki, gwiwoyinsa sun gaji. Na'ura kuwa abin da aka gaya mata take yi: in an ce sha huɗu, sha huɗu za ta murɗa. Wata Lahadi bayan an tashi daga coci ya hau tudu.

“Comadre, zan gaya wa yaron nan.”

Chencha ta ajiye ludayin da ke hannunta. “Compadre, tsufa ne ko rana ce ta buge ka? Shekara nawa muna sha saboda baki a rufe?”

“In na yi shiru, na'urar za ta rufe ba ta san da ku ba. In na faɗa, za a rubuta ku. Yaron kirki ne, ya ci abinci a gidana.”

“Karen maƙwabcina ma ya ci a gidana, kuma ga tabon haƙorinsa a ƙafata.”

Suka yi dariya. Amma da zai sauka ta riƙe hannun rigarsa. “Bakinmu ka riƙe, ba naka kaɗai ba. Ka sani.”

Ranar Laraba ya kai Ulises wurin Kurma, ya sa shi ya murɗa da hannunsa yana ƙirgawa. A juyi sha biyu da rabi ya ce ya tsaya. Suka hau tudu tare. Injiniyan ya ga layin ganguna, ya ga mata suna wanki, ya sha atole, kunun masara, a ƙofar Chencha har kofi biyu.

“Maigida, ai wannan shi ne amfanin taswirar,” ya ce. “Da zarar sun hau allo ba mai iya cewa babu su. Famfo ɗaya? Kowane layi sai ya samu nasa.”

“Ka rantse.”

Ulises ya gicciya babban yatsa a kan manuni, ya sumbace su. “Da wannan na rantse.”

An ƙaddamar da sabon tsarin ranar takwas ga Disamba, Laraba ce, da ƙarfe sha ɗaya na safe. Don Lute ya sa kwat ɗin aurensa. Ɗakin sanyi ƙalau, bango guda allo ne, birnin duka a kai da ɗigo-ɗigon fitilu. Wani babban jami'i ya yi jawabi a kan birni mai basira da ruwan jikoki. Sannan ya nuna wani jan ɗigo a gabas.

“Wannan ne yoyo mafi daɗewa a tarihin birninmu. Shekara ashirin da bakwai yana zuba duk mako, ba wanda ya sani. Da taimakon wannan dattijo muka gano shi.”

Wata ma'aikaciya ta taɓa allo. Jan ɗigon ya koma kore: an rufe Kurma ruf. Aka tafa, aka miƙa wa Don Lute allon yabo na tagulla, aka ɗauki hoto. A hoton, wanda ya fito a jarida washegari, ba kyamara Don Lute yake kallo ba.

Ya tare Ulises a bakin matakala.

“Injiniya, yoyo?”

“Maigida, ka saurare ni. Gurbi biyu ne a fom ɗin: ko mai rajista, ko asara. Ba su da takardar fili, na'urar ba ta karɓi rajistarsu ba.”

“Ka rubuta gidaje sittin da uku?”

“Na faɗa a taro.”

“Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Ka rubuta?”

Ulises ya kalli takalminsa. “An ce za a duba a mataki na biyu. Za a riƙa tura musu tankar ruwa.”

“Kofi biyu ka sha a ƙofarta,” in ji Don Lute. Ya ajiye allon yabon a kan matakala ya fita.

Ko kwat ɗin bai tuɓe ba. Ya biya gida ya ɗauki mabuɗi, ya nufi Kurma. Ya ɗaga murfin. An yanke kan ƙarfen da mabuɗin ke kamawa, an ɗora wani akwati mai ruwan toka da ƴar fitila tana ƙyaftawa. Ya zura mabuɗin duk da haka, ya juya, ya juya. Ba abin da zai kama.

A kan tudu ganguna na jere tun safe. Jaridar ba ta fito ba tukuna, amma wani ya riga ya nuna wa Chencha bidiyon taron a waya.

“Ga mai lambar yabo,” ta ce. “Ku ba shi hanya. Sannu da aiki, Señor Zamudio.”

“Comadre...”

“Ai mu yoyo ne. Yaushe yoyo ya yi compadre?”

Bai kare kansa ba. Da bakinsa ya faɗa, kuma an gargaɗe shi.

Tankar ta zo sau uku a watan Janairu, sau ɗaya a Fabrairu. Mataki na biyu har yau ana jiransa. Gidaje goma sha ɗaya sun kwashe sun bar tudun. A ƙasa kuwa, gaskiya ce, ruwa ya ƙaru, bututun da ya tsage ana gano shi cikin awa guda, kuma Don Lute bai taɓa musun wannan ba. Ulises ya kira shi a waya sau biyu. Bai ɗauka ba.

Duk ranar Laraba da hantsi yakan cika jarka biyu a famfon gidansa, ya rataye su a kan mabuɗin nan, ya saɓa a kafaɗa, ya kama hawa. Yana tsayawa hutu sau biyar. Lita arba'in ba ta kai ko'ina a gidaje hamsin da biyu, ya sani. Yakan juye su a gangar Chencha, ita kuma ta raba wa tsofaffin da ba sa iya sauka.

Wata takwas ba ta ce masa uffan ba. A Laraba ta farko ta watan Agusta, yana juye jarka ta biyu, ta dubi ƙarfen ta girgiza kai.

“Señor Zamudio, sandan nan ya kusa fin ruwan nauyi. Ba itace a gidanka?”

“Shi na saba ɗauka,” ya ce.

Ta tura masa kujera da ƙafa, ba ta kalle shi ba. Ya zauna har numfashinsa ya dawo, sannan ya ɗauki jarkokin ya sauka.